Ƙofar da Yaya Auwalu Ya Tsaya

Shekarata shida a Dubai ina aikin sauraron dutse. Idan na faɗi haka a Kano dariya ake yi mini, amma aikin ke nan. A wani sito da ke Al Quoz muke sauke falalen mabul da ake kawowa cikin kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar guduma ina ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen dutse da kaifi yake amsawa. Wanda ya tsage a ciki, ko yake da rami, muryarsa a dushe take, komai sheƙin fuskarsa. Kunnen nan nawa shi yake ci da ni, shi ne kuma ya kai ni Italiya.

Amma tun kafin ƙafata ta taka ƙasar, zuciyata tana can. Yayana Auwalu, ɗan farin Umma, ya bi ta Agadas da Libiya ya haye ruwa tun ban fito ba. Hotonsa na ƙarshe da ya turo, yana tsaye a ƙarƙashin wata tsohuwar ƙofar dutse, cikin rigar sanyin da ta fi ƙarfinsa, a saman kansa an sassaƙa wata dabba mai karyayyen muƙamuƙi. Ya rubuta, "Ku ga Ƙofar Na'isa ta Turawa." Ya ci gaba da kira na 'yan watanni, sai wayar ta mutu. Shekara bakwai ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Tun daga lokacin Umma ta hana a saka wa ƙofar gidanmu sakata. Ba ta faɗin sunansa, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce, "Kar yayanku ya zo ya tarar da gida a rufe." Ɓarayi suka ɗauke mana tunkiya, suka dawo suka ɗauke janareto, ƙanwata Hauwa ta yi kuka ta gaji, Umma ta ce ko tabarmar da take kwance a kai za su janye, ƙofa dai a bar ta. Duk Juma'a in na kira ta, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Babu labari?" A tunaninta duk wanda ya bar Najeriya unguwa ɗaya muke zaune.

Ni kaina farkon zuwana ban san gabas da yamma ba, kuma ba da wasa nake faɗa ba. Safiyata ta farko a ɗakinmu na mutum takwas, na duba inda gari ke wayewa na tayar da salla, yadda jikina ya saba tun ina yaro. Ina sallamewa Baba Musa, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ke tuƙa motar sito, ya kama kafaɗuna ya juya ni kamar buhu. Ya ce da Hausarsu ta Zango, "Cale, abokina, a nan Makka yana bayanka. Ka wuce shi tun a jirgi." Na fi wata uku ina salla zuciyata na gaya mini na ba wa alƙibla baya.

Neman Yaya kuwa na sha wuya a kansa, na kuma sha cuta. Akwai wani ɗan ƙasarmu a Deira da ya kalli hoton ya dafe ƙirji, ya rantse sun yi zaman ɗaki ɗaya a Napoli ta Italiya. Wata uku duk Juma'a ina saya masa shinkafa da rago yana ba ni labari: Yaya ya yi ƙiba, Yaya ya sayi keke, gobe zai samo mini lamba. Daga baya na gano bawan Allah ko Sharjah da ke maƙwabtaka da Dubai bai taɓa wucewa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, na riga na gaya wa Umma labarin keken.

Wanda ya taimake ni da gaske Alhaji Isuhu ne, wani Badamagare mai shigo da takalma daga Italiya, ofishinsa na Port Saeed kusa da inda jiragen katako ke lodi. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon wayata. Ya ce, "Bon, ƙofofi irin wannan sun fi a ƙirga a ƙasar can. Amma dabbar nan, shuwayya, ɗan dakata, bari in tura wa mutumina." Bayan kwana biyu ya kira ni ya ba ni sunan wani tsohon birni da ke kan dutse a tsakiyar ƙasar. Ya ƙara da cewa, "Ɗana, ka je da zuciya biyu. Kar ka je da ɗaya."

Na riƙe sunan garin shekara guda a aljihu ba hanyar zuwa. Sai aka kawo mana kwantena biyu na fasasshen dutse daga Italiya, maigidana ɗan Labanan ya yi ta masifa, ƙarshe ya nuna ni ya ce, "Khalas, shi ke nan. Yalla, habibi, kai za ka je ka ji mini su tun a can." Shi ya nema mini biza. Kwana biyar aka ba ni, a farkon watan Nuwamba, rana ta huɗu ta faɗo a kan wani hutunsu, aka rufe ma'aikatar yankan dutsen. Ban tambayi ko hutun mene ne ba, na kama hanya tun da safe.

Jirgin ƙasa biyu na canza, sannan bas. Layina na Dubai ya ƙi aiki, wayar ta zama agogo kawai. Ni kaɗai ne a bas ɗin. Direban ya ajiye ni a gindin tudu, na nuna masa hoton, ya ɗaga kafaɗa, sannan ya karɓi tikitina ya zana da'ira a bayansa, ya ɗiga mata ɗigo biyar. Ƙofofi biyar ke nan. Har na sauka ya kira ni ya miƙo mini wata tsohuwar lema da wani ya manta.

Hazo ne a kan tudun, fari, mai jiƙa riga, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma. Ƙofar farko ta fito mini kwatsam, tsayinta ya kai na mutum huɗu, ƙyamarenta na katako da ƙusoshi kamar dunƙulen hannu. Ni Bakano ne, na san ƙofar gari ba ta rasa mutum: mai shayi, mai faci, ko tsohon da ke kan benci wanda ya san duk baƙon da ya shigo tun zamanin kakanka. Shi na zo nema. Na tarar da benci, a jiƙe, ba kowa. Na yi sallama don dai bakina ya saba, bangon ya maido mini da rabinta.

Na shiga. Lunguna ne matsattsu irin na cikin birni, sai dai duk na dutse, tagogi a rufe ruf, ba yaro, ba hayaƙin girki, ba rediyo. Da rana tsaka ne fa. Takuna yana dawowa daga bayana a makare, har sau biyu ina waiwayawa don na rantse akwai mai bi na. Na fito wani dandali mai faɗi, da famfon dutse a tsakiya wanda ba ya zuba, kujerun gidan shayi an ɗaure su da sarƙa. Agogon hasumiya ya buga sau ɗaya a kaina, tattabaru suka tashi, na ji fukafukansu ban gan su ba. A nan tsoro ya fara kama ni, na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ƙofa ta biyu an toshe ta da dutse tun da daɗewa, sai siffarta a jikin ganuwa. Ta uku a buɗe take, amma ina leƙawa na ga babu hanya a bayanta, gangare ne kawai ya faɗa cikin farin hazo. Na ja da baya ina riƙe da bango. Yunwa ga sanyi, takalmina na Dubai ya sha ruwa, na fara zagin kaina da Alhaji Isuhu da mutuminsa gaba ɗaya.

A ta huɗu na ɗaga kai na ga dabbar, da karyayyen muƙamuƙinta. Na je na tsaya daidai inda ya tsaya. Ban san abin da nake jira ba.

A jikin bangon cikin ƙofar akwai allo, an liƙa takardu farare masu baƙin gefe, kowace da hoton mutum. Tsofaffi ne duk, maza da mata. A ƙasa daga dama, Yaya Auwalu yana kallona yana murmushi. Takardar sabuwa ce fil, na taɓa ta, gam ɗin bai gama bushewa ba. An rubuta masa suna Ali, da kwanan ranar, da ƙarfe uku, da sunan wani coci.

Wallahi dariya na yi, ni kaɗai a cikin hazo. A garinmu wa ake liƙa wa hoto a bango? Ɗan takara, ango, ko mai walimar sauka. Na ce lallai Yaya, ka shigo gari har ka zama na taro. Na ɗauki hoton takardar na tura wa Hauwa don ta nuna wa Umma, saƙon ya tsaya bai tafi ba, daga baya na goge shi. Har yau ina gode wa Allah da layin nan bai yi aiki ba. Abin da kawai ya dame ni a lokacin shi ne sunan cocin. Na ce ko shi ya sa ya yi shiru, ya bi addininsu yana jin kunyar Umma?

Cocin yana bakin dandalin da na wuce, fuskarsa da zanen dutse fari da baƙi. Ban taɓa shiga coci ba a rayuwata. Na tura ƙofa, na cire takalma na riƙe a hannu, don ban san yadda ake shiga ɗakin ibada da takalmi ba. Ciki duhu-duhu, warin kyandir da danshi. Na yi taku biyar, sai diddigena ya gaya mini abin da idona bai gani ba. Na durƙusa na ƙwanƙwasa daɓen da zobena. Muryar a dushe. Na matsa gaba na sake, nan ma rami. Da idona ya saba da duhun sai na ga falalen da nake takawa an sassaƙa mutane a kansu, a kwance, hannu a ƙirji, sawun ƙafa ya shafe fuskokinsu. A kan kaburbura nake tafiya, ba takalmi. A gefe cikin akwatin gilashi ga wani ƙwarangwal an sa masa riga mai zinariya. Na rasa inda zan sa ƙafa.

Sai aka ce, "Sannu."

Da Hausa. Lemar ta faɗi daga hannuna. Daga bayan ginshiƙi wata tsohuwar Baturiya ta fito, gajeriya, da baƙin mayafi da tarin mukullai a ƙugu. Ta kalli takalman da ke hannuna, ta kalli fuskata. Ta yi magana da Turanci irin nawa, na aro, don ashe ta yi aikin wanki a Ingila tana budurwa. Ta ce sunanta Rina, ita ke riƙe da mukullan cocin. Ta ce, "Shi ma haka yake cirewa. Kai ƙanensa ne."

Na ce, "Mama, yana ina?"

Ta ce, "Zo."

Ta kulle cocin, muka fita ta ƙofa ta huɗu muka gangara wata hanya mai dogayen itatuwa. Sai ga mutane suna ɓullowa daga hazo, a hankali, ba mai magana, kowa rungume da furanni rawaya. Ashe duk garin nan suke. Muka shiga wani fili mai katanga, na ga bangaye dogaye an yanka su gida-gida, hawa biyar, kamar yadda ake jera kwantena a Jebel Ali, kowane gida da hoto da 'yar fitila. Na gane fuskar wani tsoho mai gashin baki, ɗazu na gan shi a allon ƙofa kusa da Yaya. A nan na fahimci ko takardun mene ne: na matattu ne. Na zauna a ƙasa cikin ruwa.

Rina ta tsaya a kaina ta ba ni labarin a taƙaice. A ƙarƙashin ƙofar nan ta same shi yana kwana, ta ba shi ɗakin da ke gindin hasumiyar ƙararrawa. Yana yi mata shara, yana ɗaukar mata tukunyar gas, yana koya mata gaisuwa. Da sanyin shekarar ya tsananta ƙirji ya kama shi, kwana tara a asibiti ya cika. Takardunsa sun ce sunansa Ali, daga wata ƙasa daban, ba shi da kowa, irin abin da masu haye ruwa ke faɗa don kar a maido su. Wayarsa a kulle. Ta ce, "Shekara bakwai ina liƙa takardar nan ranar ziyarar matattu. Na ce wata rana wani zai bi ta ƙofar."

Na kalli bangayen na ce, "A cikin wannan kuka saka shi?"

Ta girgiza kai, ta ja ni can ƙarshen filin inda ake binnewa a ƙasa. Kaburburan a jere suke reras, da mabul mai tsada, na san kuɗin kowane. A lungu, jikin katanga, ga wani tudun ƙasa an kewaye shi da duwatsun rafi, shi kaɗai a karkace, ya yanke layi kamar an jefar da shi. Daidai lokacin hazon ya ɗan yage, rana ta leƙo fara fat ta yi yamma, na ga kan kabarin ita ya nufa. A gida kudu da arewa ake kwantar da mutum, fuskarsa na gabas. Wannan kuwa an miƙe shi wajen faɗuwar rana.

Ban san lokacin da na fara ihu ba, da Hausa. Na ce ko kare ne ai a gyara masa kwanciya. Na ce kun jera naku kun wurgar da namu a lungu, ko alƙibla ba ku ba shi ba, me zan gaya wa uwarsa? Masu furanni suka juyo suna kallona. Tsohuwar ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ta gane. Na zaro waya, na buɗe abin nuna alƙibla, wanda ba ya buƙatar layi, don in nuna mata ɓarnar da suka yi. Na ɗora ta a kan kabarin. Kibiyar ta yi lilo, ta tsaya. Ta ratsa kabarin ta gefen damansa, cif, ko ɗan yatsa bai kauce ba.

Ni da na shekara shida ina salla rana na fitowa a bayana, ni ne na manta cewa Makka ba ta bin gabas ɗin Kano. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Rina ta ce a daɓen ɗakinsa ya karta layi da ƙusa, inda yake shimfiɗa kwali ya yi salla. Da ya rasu ta ɗauki kamfas ɗin marigayi mijinta ta auna layin, ta sauka ƙasan tudu ta nemo wani mahauci ɗan Maroko. Shi ya yi masa wanka, ya kawo mutum huɗu suka sallace shi, ya nuna yadda za a haƙa. Masu kula da maƙabarta suka ce karkataccen kabari wurin mutum biyu yake ci. Ta ce, "Sai na ba su nawa. Ni zan shiga bango, ba na tsoron hawa."

Na durƙusa na kama hannunta na ce ta yafe mini. Ta ja baya ta ba ni wuri, na yi masa addu'a har muryata ta ƙare. Da za mu tafi ta tambaye ni sunansa na gaskiya. Na faɗa mata, ta maimaita sau uku don ya zauna mata.

Na dawo Dubai na yi kwana huɗu ban kira gida ba. Ina ƙwanƙwasa dutse ba na jin abin da yake cewa. Ranar Juma'a bayan masallaci Baba Musa ya same ni a bayan sito, a inuwar wata kwantena, ya ce, "Cale, labarin ba naka ba ne. Na uwarka ne. Ka ba ta kayanta." Ya tsaya daga nesa bai tafi ba.

Hauwa ta ɗauka ta miƙa wa Umma. Muka gaisa. Ta ce, "Babu labari?"

Na ce, "Akwai, Umma. Sai dai haƙuri."

Na ji ta yi salati a hankali. Sannan ta ce, "An yi masa wanka?"

"An yi, Umma."

"An sallace shi?"

"Mutum biyar."

"An fuskantar da shi?"

Na ce, "Da hannuna na auna. Ko a gida ba za a fi haka ba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Auwalu."

Shekarata talatin da huɗu, ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Ta manta ba ta kashe wayar ba. Ina tsaye a zafin Al Quoz na ji takunta ta ratsa tsakar gida zuwa zaure, na ji ƙarfe yana kuka ya ƙi motsi. Sai muryarta daga nesa: "Hauwa, kawo mini man gyaɗa. Sakatar nan ta yi tsatsa."